Daga Fas zuwa Rairayin Marzuga: Littafin Shirin Tafiyarmu

Lahadi, 3 ga Agusta, 2025

Yau bayan wazifa Malam ya raba aiki. Tikitin jirgi daga Accra zuwa Kasablanka ta ƙasar Maroko da masaukin Fas suna hannun Alhaji, ƙanen Malam, wanda ya saba da hanyar. Ni kuma an ba ni abin da zai biyo bayan ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani: 'yar tafiyar mota, mu ratsa duwatsun Atlas, mu gangara hamada, mu ɓullo Marakish, daga nan mu kamo hanyar gida. Mu goma sha uku ne daga Aboabo da Asawase da Sabon Zongo. Biyar a cikinmu sun haura shekara sittin, kuma da su zan auna komai.

Mutanenmu na Kumasi da yawa sun je Fas, amma daga filin jirgi sai zawiya, daga zawiya sai kasuwa, sai gida. Babu laifi, ziyara ce ta kai su. Sai dai ƙasar da ke kudancin Fas ita ce ƙofar da ayari ya yi ɗaruruwan shekaru yana bi, ya kawo littattafai da tufafi da tagulla, ya koma da zinariya. Wanda ya biya kuɗin jirgi har can ya cancanci ya ga wannan ƙofa da idonsa.

Mun tsayar da ƙarshen Oktoba. A Yuli da Agusta zafin Marzuga, garin da ke bakin rairayin hamada, yana wuce digiri 40. Daga Disamba zuwa Fabrairu dusar ƙanƙara kan toshe hanyar dutse, ga kuma gasar kofin Afirka da za a fara a Maroko ranar 21 ga Disamba, masauki zai yi tsada. Oktoba kuwa lokacin girbin dabino ne a Tafilalt, yankin da za mu ratsa kafin mu isa Marzuga.

Laraba, 6 ga Agusta

Na buga taswirar hanyar a babbar takarda a Adum, sidi 40. Na buɗe zauren WhatsApp na matafiya. Na aika wa ɗan yayata da ke karatu a Fas saƙo ya nemo mana direbobi masu babbar mota.

Asabar, 9 ga Agusta

Na zauna da taswira na bi hanyar gari-gari. Daga Fas zuwa Marzuga kusan kilomita 470 ne, awa bakwai zuwa takwas idan ba a tsaya ba. Mu za mu tsaya.

Farko Ifran, kimanin kilomita 65 daga Fas, a tsayin mita 1,650 ko kusa da haka. Faransawa ne suka gina garin a 1929, gidajensa masu rufi mai tsini saboda ƙanƙara. A nan aka taɓa auna sanyin digiri 23.9 ƙasa da sifili a watan Fabrairun 1935, wanda ake lissafawa a matsayin mafi tsanani da aka rubuta a Afirka. Gari ne mai tsabta, amma rabin awa ya ishe mu: shayi, bayan gida, hoto a gaban zakin dutse da ke tsakiyar gari.

Gaba kaɗan Azru, da dajin manyan itatuwan da Larabawa ke kira arz, inda birai marasa wutsiya ke fitowa bakin titi. Daga nan hanya ta hau mashigar Zad, mita 2,178, ta gangara Midalt, garin tuffa, wanda ke ƙarƙashin dutsen Ayashi mai tsayin sama da mita 3,700. Bayan Midalt akwai wata mashigar, Talgamt, mita 1,907, sai kwazazzabon kogin Ziz, da ramin da sojojin Faransa suka huda cikin dutse mota ta ratsa, da madatsar ruwan Hasan Addakil dab da Rashidiyya. Daga Rashidiyya ƙasa ta buɗe. Kogin ya shige kwari, dabino ya bi shi tsawon kilomitoci, hagu da dama kuwa jan dutse ne tsirara. Sai Arfud, sai Risani, sai rairayi.

Abin da ya ja hankalina shi ne a yini guda mutum zai tashi daga dajin da ake sa rigar sanyu ya kwana a gindin tudun yashi. Amma wannan yini guda ɗin shi ne abin da ba na so mu yi.

Lahadi, 17 ga Agusta

An yi taro a shagon Kawu, kuma an tashi ba a daidaita ba. Samarin sun samo wani tsari a intanet: Fas zuwa Marakish ta Marzuga a kwana uku, kwanciya biyu. Farashinsa ya fi nawa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma suna so a rage kwanaki don a samu lokacin sayayya a Kasablanka.

Na karanta musu abin da tsarin yake nufi a aikace. Ranar farko kilomita 470, a tashi da asuba, a iso rairayi dab da faɗuwar rana, a ɗora mutum kan raƙumi da ƙafarsa a kumbure. Rana ta uku sama da kilomita 300, ƙarshenta a kan mashigar Tishka mai kwana-kwana. Ina za a yi sallah a natse? Ina lazimin safe da na yamma? Risani fa, da ita ce dalilin tafiyar, ta tagar mota za a gan ta.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ai Turawa tsofaffi ma suna yin ta a kwana uku." Na ce masa su ba su da wazifa, kuma ba su fito daga tafiyar awa biyar ko shida ta Kumasi zuwa Accra da kwanan jirgi ba. Inna Hajiya, wadda ba ta ce uffan ba tun farko, ta ce, "Ɗana, ni dai in za a kai ni in ga wuri, a bar ni in sauka in taka shi. In ba haka ba ku bar ni a zawiya, ku same ni in kun dawo."

Kawu ya ce a kai wa Malam. Ban so abin ya kai haka ba, domin samarin ba da mugun nufi suke ba, kowa guminsa ya tara. Bambancin kusan dirhami 900 ne a kan kowane mutum, kuma ga mai ɗinki ko mai gyaran mota a Suame wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Talata, 19 ga Agusta

Malam ya saurari kowa. Ya ce, "Tafiyar jama'a da ƙafar mai rauni ake auna ta." An tsaya kan kwana biyar, kwanciya huɗu. Alhaji ya ɗauki nauyin cike wa mutum biyu da abin ya yi wa nauyi. An cire kwanan Kasablanka.

Asabar, 23 ga Agusta

Tsarin ya zauna, kuma ranakun sun faɗo daidai. Juma'a 24 ga Oktoba muna Fas: sallar Juma'a, zikirin Juma'a a zawiya bayan la'asar. Asabar mu tashi, mu kwana Midalt, kusan kilomita 200. Lahadi mu bi Ziz mu isa Risani kafin azahar, domin kasuwarta Lahadi da Talata da Alhamis take ci, sannan mu ƙarasa Marzuga. Litinin Tingir. Talata Warzazat. Laraba Marakish.

Daren jiya na yi ta karatu a kan Risani. A gefen garin kangon Sijilmasa yake, birnin da aka kafa a shekarar 757, kafin a gina masallacin Ƙarawiyyin na Fas a 859. Nan ne tashar arewa ta fataken zinariya. Ibn Hauƙal, wanda ya yi yawo a ƙarni na goma, ya ba da labarin takardar bashi ta dinari 42,000 tsakanin wani ɗan kasuwar Sijilmasa da abokin cinikinsa a Audagust, can bakin daular Gana ta da. Daga Sijilmasa Ibn Batuta ya bi ayari a 1352, suka yi kwana 25 kafin su isa Tagaza mai gishiri, a hanyarsa ta zuwa Mali.

Dole in bayyana wa jama'a cewa tsohuwar Gana ba ita ce ƙasarmu ta yau ba, tana can tsakanin Muritaniya da Mali. Amma daga baya zinariyar ƙasar Akan ta bi ta Begho zuwa Jenne a hannun Wangarawa, daga nan ta haura hamada. Ke nan ƙasar da muke zaune a kai tana da rabo a wannan hanya. Abin da ya rage na birnin yanzu guntayen bangon ƙasa ne, kuma zan gaya wa kowa haka tun daga gida, kada wani ya sa ran ganin fada. A Risani ɗin ne kuma makwancin Maulaya Ali Sharif yake, kakan gidan sarautar Maroko na yanzu. Za mu yi ziyara, mu ci gurasar nan tasu da ake cusa wa nama da albasa, madfuna, mu sayi dabinon majhul.

Alhamis, 28 ga Agusta

Farashin mota ya zo daga direbobi uku, duk bas mai kujera 17: dirhami 9,000, da 11,000, da 12,500. Mun ɗauki na 9,000. Ɗan yayata ya ba shi kafin alƙalami 2,000. An fara adashin mako-mako ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya.

Juma'a, 5 ga Satumba

Makon Maulidi. Ba a taɓa aikin tafiya ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Direban ya sauya magana. Ya kira ɗan yayata ya ce 9,000 ɗin kuɗin mota ne kawai, ban da mai, ban da abincinsa da kwanansa, ban da kuɗin komawarsa Fas babu fasinja. Da aka haɗa, abin ya kai kusan 13,000. Ya kuma ce shi ba zai kwana Midalt ba, a wuce kai tsaye, wai babu abin gani a can. A saƙon murya da ya aiko tun farko ya faɗa da bakinsa cewa komai na ciki. Yaron ya kunna masa, ya ce ba haka yake nufi ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin nan na mutane ne, har da na gwauruwar da ke sayar da koko a bakin masallaci tana tarawa tun bara. Ɗan yayata ya tafi da wani malaminsu ɗan garin suka same shi. Bayan doguwar magana ya maido 1,500, ya riƙe 500, wai ya ƙi wani aiki saboda mu. Na sanar a zaure, na rubuta asarar a littafi, an raba ta kan kowa.

Mun koma ga na 11,000. Wannan karon na rubuta sharuɗɗan da Larabci, Malam ya duba, direban ya sa hannu aka ɗauko hoto: mai da kwanansa da komawarsa duk a ciki, sunayen garuruwan kwana huɗu, tsayawa lokacin kowace sallah, ba tuƙin dare, ba kai mu shagon darduma ko na man argan sai mun nema. Sharaɗin ƙarshen nan yana da muhimmanci, domin direbobin yawon buɗe ido suna samun la'ada a irin waɗannan shaguna, kuma awa guda takan tafi a banza. Direban nan mutumin Risani ne, wanda hakan ya ƙara kwantar mini da hankali. Kafin alƙalami 1,500, sauran sai an isa Marakish.

Lahadi, 14 ga Satumba

An duba fasfo ɗin kowa da katin rigakafin shawara. Fasfon Kawu saura wata huɗu ya ƙare, an fara sabuntawa. Dala ta ɗan hau, don haka na ce duk abin da aka tara a mako a canza shi a makon. Dirhami sai an isa can za a canza.

Litinin, 22 ga Satumba

Ɗan yayata ya bi motar dare zuwa Marzuga a ƙarshen mako don ya gano mana masauki da idonsa. Kuɗin motarsa da kwanansa dirhami 700, daga asusu. Kuɗin nan bai tafi a banza ba.

Tantunan da muka gani a hoto suna can cikin rairayi, sai an yi kusan awa guda a kan raƙumi, ko a shiga motar da ke hawa tudu tana gangarowa da gudu. Ya ce shi kansa da ya sauka daga raƙumi cinyoyinsa rawa suke. Bayan gida a waje yake, da dare akwai sanyi, kuma ana kiɗa har tsakar dare. Wannan ba na Inna Hajiya ba ne, ba na Kawu mai ciwon gwiwa ba ne.

Ya samo wani gidan baƙi na ginin ƙasa a bakin rairayin, inda mota ke isa har ƙofa. In ka fita ta baya, taku kaɗan ka shiga yashi. Dirhami 400 kowane mutum, da abincin dare da karin kumallo. Wanda ke son raƙumi zai biya nasa daban ya je ya ga faɗuwar rana ya dawo. Dattawa a shimfiɗa musu darduma a gindin tudu na farko. Tuddan Irg Shabbi, wato rairayin Marzuga, suna kai mita 150 a wasu wurare, kuma sun miƙe fiye da kilomita 20 daga arewa zuwa kudu, saboda haka ko daga ƙasa ido zai ƙoshi. Ya ce lokacin da ya fi kyau bayan sallar asuba ne, kafin iska ta tashi, yashin yana sauya launi daga toka zuwa ja. Na sa wazifar safiyar Litinin a wurin.

Akwai ƙauyen Hamliya kusa, na zuriyar baƙaƙen da aka kawo daga kudancin hamada, masu kiɗan Ginawa. Samarin na son zuwa. Ni ma ina so mu gaisa da mutanen, domin hanyar da ta ɗauki zinariya ta ɗauki bayi ma, kuma bai kamata mu ba da rabin labari ba. Na bar shi a matsayin zaɓi na yammacin Lahadi.

Ya kuma ja kunnena kan ruwa. A Satumbar 2024 an yi ruwan sama mai yawa a kudu maso gabashin Maroko, har tafkuna suka cika a tsakanin rairayi, hanyoyi suka yanke, aka rasa rayuka. Rafin da ya bushe shekara da shekaru yakan cika cikin ɗan lokaci. Na ƙara a sharuɗɗa: in ruwa na gudu a kan titi, a jira.

Asabar, 27 ga Satumba

Mutum biyu sun janye, ɗaya matarsa ta kusa haihuwa, ɗaya kayansa sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Tema. Mun koma goma sha ɗaya. Lissafin kowane mutum yanzu: mota 1,000, kwana huɗu 1,150, wato Midalt 250, Marzuga 400, Tingir 250, Warzazat 250, abincin rana 400, ruwan sha da 'yan jagora da sadaka 200. Jimla dirhami 2,750, ban da raƙumi da tsaraba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na kammala rabin hanya na biyu, kuma a nan ne na fi yin yanka.

Litinin daga Marzuga zuwa Tingir kusan kilomita 200. A hanya, bayan Arfud, akwai jerin tsoffin rijiyoyin da aka haɗa ta ƙarƙashin ƙasa don jawo ruwa daga gindin dutse zuwa gonakin dabino, ana ce musu hattara. Za mu tsaya minti ashirin, domin manomanmu biyu sun nace. A Arfud ana sayar da duwatsu masu ɗauke da sawun halittun teku na zamanin da, shaidar cewa wurin ya taɓa zama ƙarƙashin ruwa. A kalla a wuce. Babban abin ranar shi ne kwazazzabon Tudga, kilomita 15 daga Tingir, inda bangon dutse biyu suka miƙe sama suka matse har faɗin wurin bai fi mita goma ba, ruwa mai sanyi na gudu a tsakani. Titi ya shiga har ciki, ƙasa a shimfiɗe take, kowa zai iya takawa.

Na cire kwazazzabon Dadis. Hotunan titinsa mai murɗe-murɗe suna da kyau, amma shiga da fita zai ci mana awa biyu, kuma bayan Tudga maimaici ne. Na cire wuraren shirya fina-finai na Warzazat. Na bar Ƙal'at Maguna don mata su sayi ruwan wardi, ko da yake furen kansa sai Afrilu da Mayu. Na bar Ait Bin Haddu, garin ginin ƙasa da ke kan tsohuwar hanyar ayari, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1987. Hawansa akwai matakala da yawa, don haka dattawa za su zauna a tsallaken rafi su sha shayi suna kallonsa, masu ƙarfi su hau. Da sassafen Laraba za mu je, kafin motocin Marakish su iso.

Sai Tishka, mita 2,260. A duk Ghana babu dutsen da ya kai mita 1,000. Wanda ya san hawan Kwahu daga Nkawkaw ya ɗauka irinsa ne, amma ana yi ana sakewa har awa biyu. Masu jiri su zauna gaba, kada a cika ciki kafin a hau. Yankin ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta taɓa, kuma za mu yi wa mamatan addu'a in mun tsaya a sama.

A Marakish ziyara biyu ba za su wuce mu ba: Alƙali Iyad, mai Ashafa da muke karantawa, wanda ya rasu a 1149, da Imam Jazuli mai Dala'ilu. Dukansu suna cikin waliyyai bakwai na garin. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya ce, "Ɗana, da ka fara da wannan tun ranar taro, da ba a yi gardama ba."

Lahadi, 5 ga Oktoba

Kasuwar Kejetia, layin gwanjo. Rigunan sanyu goma sha ɗaya, safa da huluna, sidi 1,320. Na Inna Hajiya ya yi mata girma, za a rage.

Laraba, 8 ga Oktoba

Dattawa biyar sun je awon jini. Na mutum ɗaya ya hau, likita ya sauya masa magani ya ce ya dawo bayan mako guda kafin ya ba shi izinin hawa dutse. In bai sauka ba, zai zauna Fas tare da ɗan yayata, su bi jirgin ƙasa su same mu a Marakish. Ya amince, ko da yake na ga abin ya taɓa shi. Malam ya yi mana darasin sallar ƙasaru da taimama bayan magariba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Fasfon Kawu ya fito. Adashi ya cika, saura mutum ɗaya da zai kawo cikonsa ranar Laraba. Direba ya tabbatar da ƙarfe takwas na safiyar Asabar 25 ga wata, a ƙofar Rasif, tunda mota ba ta shiga lungunan tsohon gari.

Abin da ya rage a makon nan: sakamakon awon jini ranar Laraba, tabbatar da masaukin Tingir, wanda har yanzu bai amsa ba ko yana da ɗakuna a ƙasa, buga takardar hanya da lambar direba da ta masaukai, kowa ya sa a aljihu, sayen goro da za mu kai wa masu hidimar zawiya, da kama kujerun motar Accra a Asafo na daren Talata 21 ga wata.